Tikitin Ya Falmata Zuwa Njamena

Ku da kuke zuwa kuna zama a kan bencin shagona kuna cewa in koya muku aikin tikitin jirgi cikin mako biyu, na ji ku. Na kuma yarda, aikin ba wuya. Mutum ya shigo ya ce Abuja za shi, ka danna waya, waya ta ce awa ɗaya da minti ashirin, ka gaya masa, ya yi murmushi ya tafi. Ko jikata da ke aji uku za ta iya. Abin da ya sa ni na yi shekara talatin da ɗoriya a kan kujerar nan ina koyon abin da ake iyawa cikin mako biyu, wannan sai dai a ce kaina ne ba ya ja.

Sunana Modu, a nan Yerwa, wato Maiduguri, aka haife ni. Wanda ya koya mini aikin nan Oga Istifanus ne, mutumin Biu, dogo, mai tabarau ɗaure da igiya a wuya. Ya yi shekaru a kan kanta a filin jirgi kafin ya buɗe nasa shagon a cikin gari. Ranar da kawuna ya kai ni wurinsa na sa sabuwar riga, don na ɗauka a ranar zan fara rubuta tikiti. Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro ɗaya.

"Gobe da safe ka tafi filin jirgi," in ji shi. "Ka sami inuwa ka zauna. Duk jirgin da ya sauka, ka rubuta ƙarfe nawa aka ce zai sauka, ka rubuta ƙarfe nawa ya sauka. In ya tashi ma haka."

"Sai kuma me, Oga?"

"Sai ka dawo gida. Jibi ka koma."

Wata uku ina wannan zama. Masu shara sun san ni, masu dako suna kirana Malam Agogo. Wani ɗan sanda har ya taɓa karɓar littafin ya juya shi sama da ƙasa, ya ga ba abin da zai kama, ya mayar mini yana tausayina. Da wata ukun suka cika na kawo wa Oga littafin, na ce masa ban ga abin da na koya ba. Ya buɗe, ya sa yatsa a kan layin jirgin Legas na ranar Juma'a.

"Sau nawa ya zo a kan lokaci?"

Na duba. Na ce sau biyu.

"To, in mutum yana da ɗaurin aure a Legas ranar Asabar da safe, wane jirgi za ka sa shi?"

"Na Alhamis."

"Ka fara koya," in ji shi. "Je ka wanke hannunka."

Wanke hannun ba wasa ba ne. Tikitin wancan lokaci ɗan littafi ne mai shafi huɗu ko biyar, bayan kowane shafi da jan kabon. Da hannu ake cika shi, da manyan baƙaƙe, kuma sai ka danne biro da ƙarfi don rubutun ya ratsa har shafin ƙarshe. In ka danne da yawa takarda ta yage. In ka yi kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum ba a gogewa, sai a soke tikitin gaba ɗaya, a rubuta dalili. Muna da wani ƙarfe mai nauyi kamar dutsen niƙa da ake buga hatimin shago da shi. Muna da littafin jadawalin jiragen duniya, mai kaurin bulo, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, shi ya ci wa Oga ido, daga baya ya ci nawa. Sai tarho guda ɗaya baƙi, wanda in kana neman Kano sai ka juya lamba sau ashirin kafin wani ya ɗauka ya ce ba nan ba ne. A bango kuma akwai taswira, da zare a rataye a jikin ƙusa. In mutum ya matsa sai ya san nisan gari, Oga yakan ɗauki zaren ya auna masa, ya gaya masa kilomita kaza ne. Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan nisan shamuwa ne. Kai kana da kaya."

Tikitin farko da aka bari na yi bayaninsa da bakina na wani Alhaji ne mai sayar da shanu, za shi Jidda ta Kano. Na buɗe jadawali, na ga lokacin tashi, na ga lokacin sauka, na debe wannan daga wancan kamar yadda aka koya mini a makaranta. Na ce masa zuwa kusan awa bakwai ne, dawowa kuma bai cika awa uku ba. Alhajin ya gyaɗa kai, ya ce ai dole, wanda ya je ya sauke zunubi jirgi ba ya jin nauyinsa. Oga yana jin mu, ya bari sai da mutumin ya fita. Sannan ya tambaye ni ko na san agogon Jidda yana gaban namu da awa biyu. Ban sani ba. Zuwa da dawowa duk ɗaya ne, awa huɗu da wani abu. Washegari ya sa na taka har Kasuwar Shanu na nemo Alhajin na gyara maganata a gaban mutane. Alhajin ya saurare ni har na gama, ya ce ya fi yarda da bayanina na jiya. Har ya rasu a kan wannan yake, kuma duk wanda ya yi masa musu sai ya ce ejan ne da kansa ya gaya masa.

Masu saye kuwa iri-iri ne, kuma kowanne da agogonsa. Akwai wanda in ka ce masa jirgi ƙarfe goma, to ƙarfe goma zai fito daga wanka, don a saninsa mota ba ta tashi sai ta cika. Irin wannan ƙarfe takwas nake gaya masa, Allah Ya yafe mini. Akwai ma'aikacin gwamnati da zai sa taro ƙarfe sha biyu a Abuja ya hau jirgin ƙarfe goma, wai ai awa ɗaya da minti ashirin ne, kamar a bakin ƙofar ofishin jirgin zai ajiye shi. Akwai mai busasshen kifi da ke so in rantse masa kwalinsa zai isa Legas tare da shi. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa tambayata awa nawa jirgi yake yi a sama don yana son sanin sama. Abin da yake tambaya shi ne yaushe zai sa ƙafarsa a inda ake jiransa. Wannan kuma ba a rubuta shi a jadawali ba, sai ka haɗa shi da kanka, ka fara daga can inda za shi kana ƙirgowa baya har ƙofar gidansa.

Daga baya kwamfuta ta zo, tikitin takarda ya tafi, ƙarfen hatimi ya koma abin tokare ƙofa. Sannan garin ya rikice. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, da yawanku a ciki kuka tashi. Unguwar su Oga ta gagari zama, ya kwashe iyalinsa ya koma Mararaba kusa da Abuja, ya bar mini shago da taswira da zaren. Bai daɗe da tafiya ba aka hana jiragen fasinja sauka a filin jirginmu. Sai ga ni, ejan na tikitin jirgi, a garin da ba jirgi. Na sayo injin hoton takardu na ajiye a gefe, ina cika wa mutane fom, ina buga katin biki. In an sami mai tafiya, sai in yanka masa tikitin da zai hau a Kano ko Abuja, in yi masa addu'ar isa can. Hanya ɗaya ce ta rage mana, ta Damaturu. Da safe ake buɗe ta, kafin yamma a rufe, wata rana kuma ba a buɗewa sam, ba kuma wanda zai gaya maka dalili.

A cikin wannan hali ne, wata ranar Asabar da hantsi, Ya Falmata ta shigo shagona. Mai haɗa turaren wuta da humra ce a Yerwa, ƙawar yayata, ta san ni tun ina yawo ba wando. Tare take da ɗanta Abba, malamin sakandare, mutum mai hankali da babbar waya. Ta zauna, muka gaisa, wushe wushe, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Da Kanuri muka yi maganar, amma ga yadda ta kasance.

"Modu, Njamena za ni. Yagana ce."

Yagana 'yarta ce, tana aure a can. Cikinta ya tsufa, ga hawan jini, likitoci sun ce ba za su jira naƙuda ba, ranar Alhamis za su yi mata aiki su ciro abin da ke cikin. Ta kira uwarta ta ce tana so ta gan ta kafin a shiga da ita.

Ku gane, Njamena a wurin Ya Falmata ba ƙasar waje ba ce. In ka auna da zaren Oga, kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai, bai kai rabin nisan Kano ba. Tun tana budurwa take zuwa saro kayan turare. Ta hau mota da safe, ta bi Dikwa, ta bi Gamboru, ta tsallaka, ta ci abincin rana a can. A da akwai jirgin da ke zuwa kai tsaye, kafin a gama raba ruwa ya sauka. Amma a wannan shekara ko akuya ba ta bin hanyar Dikwa.

Na duba kwamfuta, na sake dubawa. Akwai jirgi ɗaya da ke tasowa daga Lome, ya sauka Abuja, ya wuce Njamena, kuma ba kullum yake zuwa ba. Ranar Laraba da rana akwai shi. In ya wuce, sai bayan an gama aikin. Na tambayi fasfonta, ta ciro shi daga cikin wani ƙyalle mai ƙanshi, na Umra ne, bai mutu ba, katin rigakafi ma yana ciki.

"Ya Falmata, akwai hanya. Amma sai kin je Abuja."

"Abuja tana ina?"

Na tashi na nuna mata a taswira. Na nuna mata Maiduguri, na nuna mata Njamena a dama, dab da juna har yatsana ɗaya ya rufe su. Sannan na ja hannu can hagu, ƙasa, na nuna Abuja.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wato in ina son shiga ɗakin maƙwabciyata, sai na fara zuwa Kasuwar Monde."

"Kusan haka ne."

"Kai ka tsara wannan, ko haka ka tarar?"

"Haka na tarar."

"To yanka."

A nan Abba ya sa baki. Ya riga ya duba wayarsa tun muna magana. Ya ce, "Baba Modu, abin da sauƙi. Daga nan zuwa Abuja awa goma sha ɗaya ne zuwa sha biyu a mota. Mu tashi Talata da safe, mu kwana a can, Laraba da rana ta hau. Har da sauran lokaci."

Na ce Litinin za ta tashi.

Ya ce ranar Litinin yana tsaron jarrabawa, ba zai iya bari ba, kuma ba zai bar tsohuwa ta bi wannan hanya ita kaɗai ba. Ya juyo mini da fuskar wayar don in gani da idona. Ga shuɗin layi ya miƙe sumul daga Maiduguri har Abuja. Layin yana da kyau ƙwarai. Babu shinge ko ɗaya a jikinsa. Ba a nuna inda ake sauke fasinja su taka da ƙafa hannu a sama ba, ba a nuna inda za ku tsaya awa biyu ana jiran ayarin sojoji ya wuce ba. Na gaya masa haka. Ya ce ko an ƙara awa huɗu a kai, lissafinsa yana nan. Gaskiyarsa kuwa, lissafinsa daidai ne. Malamin lissafi ne ma.

Na ce, "Abba, in ranar Talata ba a buɗe hanya ba fa?"

"Me zai hana a buɗe?"

"Ban sani ba. Su ma masu buɗewar sai da safen suke sani."

Muka yi ta ja, shi da waya, ni da baki. Ya Falmata tana zaune tana jan carbi kamar ba a kanta ake yi ba. Da ta gaji ta ce, "Abba, kai ka taɓa kai wani Njamena?" Ya ce a'a. Ta ce, "Shi ma bai taɓa kai kowa ta Abuja ba, amma ya fi ka tsoro. Mai tsoro zan bi. Ka yi jarrabawarka, ka biyo ni Talata."

Abin da ya rage shi ne in haɗa tafiyar gaɓa-gaɓa, kuma wannan ne aikin da ba ya fitowa a jikin tikiti. Na je tasha da kaina na sami Malam Gana, direban da na sani shekara da shekaru, wanda ba ya gudu kuma ba ya musu da soja. Na ce kujerar gaba nake so, kuma kada ya sauke ta a tasha a Bauchi, ya kai ta gidan ƙanwar matata ta kwana. Na kira ƙanwar matata na ce da asuba ta sa ta a motar Abuja da hannunta, ta karɓi lambar direban ta turo mini. Sannan na kira Oga Istifanus. Shekara biyu ke nan rabon da in ji muryarsa sai a gaisuwar Kirsimeti.

"Oga, ina da fasinja."

"Ina za ta?"

"Njamena."

"Daga ina?"

"Daga nan Maiduguri. Ta Abuja."

Ya yi dariya har da tari. Da ya gama ya ce, "Wace rana ka tashe ta?" Na ce Litinin, jirgi Laraba. Ya ce, "Da ni ne Lahadi. Amma ba laifi. Turo ta, Maman Rahila za ta gyara mata ɗaki."

Na rubuta wa Ya Falmata komai a takarda ɗaya da manyan baƙaƙe, sunan kowa da lambarsa, na ce ko ba za ta iya karantawa ba ta miƙa wa duk wanda ta gani da kaki. Ta naɗe takardar ta sa cikin ƙyallen fasfo. Litinin da safe suka fita. Tafiyar da ake yi a awa shida zuwa Bauchi, sai da rana ta kusa faɗuwa suka shiga. Malam Gana ya ce sau tara ta sauka ta taka da ƙafa, kuma a shinge na bakwai ta sayar wa wani soja kwalbar humra.

Talata ba a buɗe hanya ba. Abba ya je da jakarsa tun da sassafe, ya zauna a layin motoci har azahar, aka ce kowa ya koma gida. Ya zo shagona ya zauna a kan bencin nan da kuke kai. Na sa aka kawo masa ruwa. Na so ƙwarai in tambaye shi me shuɗin layi ya ce, amma na ga idonsa, na bari.

Da la'asar Oga ya kira ya ce Ya Falmata ta iso, ta ci tuwo, matarsa Maman Rahila ta shimfiɗa mata darduma ta nuna mata gabas. A nan ne aiki ya ƙare, in da ku ne. Amma akwai wata tsohuwar al'ada da Oga ya dasa mini tun zamanin baƙin tarho: kowane tikiti, ana gobe tafiya, sai ka sake tambaya ko jirgin yana nan a inda ka bar shi. Yanzu ba mai yi, wai saƙo yana zuwa da kansa. Na tayar da janareta, na buɗe kwamfuta, na duba. An dawo da jirgin daga ƙarfe biyu na rana zuwa ƙarfe takwas da rabi na safe.

Saƙon kuwa sun aika, ba su yi ƙarya ba. Sun aika shi lambar da ke jikin tikitin, wato wayar Abba, wadda ta yini a layin motoci a bakin gari inda ba sabis, cajinta ya ƙare. Tana cikin aljihunsa a kan bencina, a mace.

Na kira Oga. Bai yi mamaki ba, bai ma yi tsaki ba. Ya ce, "Takwas da rabi. A rufe kanta bakwai da rabi. Daga nan zuwa filin jirgi sai an ratsa Abuja gaba ɗaya, ga cunkoson Nyanya, ga shinge. In mun wuce ƙarfe biyar a gida mun makara." Ina jin sa yana ƙirgawa baya, da irin muryar da yake yi mini ina yaro. Sannan ya ce, "Ka duba da kanka, ko saƙo ka gani?" Na ce da kaina na duba. Ya ce, "To." Shekara talatin ina jiran yabo daga bakin mutumin nan, abin da na samu ke nan.

Ya kai ta da tsohuwar motarsa. A mota ta yi sallar asuba. Ya tsaya har sai da ya ga ta shige, ya kira ni ya ce, "Fasinjarka ta tashi." Kafin azahar mijin Yagana ya kira Abba ya ce ta sauka lafiya. Abba ya gaya mini jirgin awa ɗaya da rabi ya yi, daidai yadda wayarsa ta faɗa tun farko. Na ce lalle wayar ta yi ƙoƙari.

Ranar Alhamis aka yi aikin, aka ciro 'ya mace da rai. Ranar Asabar Yagana ta rasu.

Bayan kwana arba'in mijin ya kira ni. Ya ce dangi sun zauna, kakar ce za ta riƙe yarinyar, ya yi mata takardu. Na yanka tikitin dawowa, babba ɗaya da jaririya a cinya. Na sake haɗa gaɓoɓin nan a juye: Oga a filin jirgi, ƙanwar matata a Bauchi, Malam Gana a kujerar gaba. Wannan karon na sa kwana huɗu, saboda mai jego ba ta nan, kuma madarar gwangwani tana son ruwan zafi a hanya.

Mako guda da dawowarta ta zo shago da yarinyar a goye. Na tashi na yi mata gaisuwa, ta amsa. Ta ajiye ƙullin turaren wuta a kan tebur ta ce na matata ne, ba nawa ba. Sannan ta zauna ta kwance goyon ta ɗora a cinya.

"Modu, kwana uku ka ci mini a hanya."

"Haka ne, Ya Falmata."

"Kwana uku kuma ka ba ni da ita. Laraba mun yi hira har ta yi dariya. Alhamis ni na riƙe hannunta har ƙofar ɗakin. Juma'a ta ga 'yarta, ta ce hancin nawa ne." Ta gyara wa yarinyar hula. "Ni na yi mata wanka da hannuna. Ban bar wa baƙi ba."

Sai na hau gyara takardun da ke gabana, waɗanda ba abin da ya same su.

Ta ce, "Amma akwai maganar da na zo da ita. Da za mu tafi, wani ɗan Chadi da ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce, Hajiya, leƙa, ga Maiduguri can. Na leƙa. Ga gari kwance, ga kogin Ngadda kamar zare. Kwana biyu ina wahala a mota, na kwana gidan mutane, ashe duk don in zo in wuce ta saman ɗakina ne. Ka san da haka ka yanka mini?"

"Na sani."

"Ba ka gaya mini ba."

"Na ji tsoron kada ki ce a sauke ki."

Ta yi 'yar dariya, ta farko tun shigowarta. Ta ce da za su dawo ta roƙi kujerar taga, ta zauna tana jira. Da ta ga garin ya ɓullo ta ɗaga jaririyar ta manna fuskarta da gilashi, don ta nuna mata inda aka haifi uwarta.

"Kafin in ce mata ga Yerwa, har mun wuce," in ji ta. Ta miƙe, ta juya yarinyar ta mayar baya, ta ɗaure zani. A bakin ƙofa ta tsaya. "Kai da kake magana da masu jirgin nan, ka gaya musu in sun zo saman garinmu su riƙa rage gudu. Yarinyar ba ta gani ba."

Na ce zan gaya musu.